Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kallon Tsuntsaye

'Yan uwa mambobi, gaisuwa da fatan alheri. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin yadda shekarar ta kasance.

Armashin ayyukanmu na bana kusan duk a farkon bazara ya tattaru, daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu. A lokacin bishiyoyi ba su gama yin ganye ba, tsuntsu ba shi da maɓoya. Yini kuma yana ƙara tsawo, abin da ke zaburar da mazan tsuntsaye su yi ta rera kuka don kama wuri da neman mata. Shi ya sa muka dawo da fitar Asabar zuwa kafin hudowar rana. An sha ƙorafi, musamman daga waɗanda sanyin asuba ya sandarar wa yatsu har suka kasa murɗa madubin hangen nesa. Amma wanda ya tsaya a bakin tafki ya ji kurmi ya kaure da kuka gaba ɗaya, bai sake kawo zancen barci ba.

Mun buɗe kakar da ƙidayar tsuntsaye ta kwana 4 da ake yi kowane Fabrairu, wadda aka faro a Amurka a 1998. Sai dai fitar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ta watan Maris, ranar da muka tarar farar shamuwa ta dawo tsohuwar sheƙarta. Ta lanƙwasa wuya har kanta ya taɓa bayanta, tana kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas. A nan ɗaya daga cikin dattawanmu ya bayyana wa sababbin shiga dalilin da ya sa ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum a ƙaurarta tsakanin Afirka da Turai: iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa take hawa, ita kuwa ba ta samuwa a kan teku, don haka sai ta bi ta inda teku ya tsuke, wato mashigin Jibralta ko na Bosforus. Ya kuma ba su labarin shamuwar da aka harbo a arewacin Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta, wadda ta taimaka aka gane inda tsuntsaye ke ɓacewa da hunturu. Makonni kaɗan bayan nan tsattsewa ta iso, 'yar abu mai nauyin kusan giram 20, amma ta ƙetaro Sahara.

Akwai abu biyu da ba su yi wa kwamiti daɗi ba. A wata fita, wani ya kunna kukan tsuntsu a waya don ya jawo shi kusa. Ya fito kuwa, yana ta kai-komo yana neman abokin gabar da babu shi, a lokacin da ya kamata ƙarfinsa ya tafi wajen sheƙa. Daga yanzu an hana wannan a fitarmu.

Na biyu ya fi damunmu. Da yawa cikinmu suna rubuta abin da suka gani a littafi, su jefa a jaka, shi ke nan. Ranar da aka fara ganin tsattsewa ba ta da amfani sai an jera ta da ta bara da ta bara waccan. Muna roƙo kowa ya riƙa shigar da nasa a eBird, rumbun da sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell ya buɗe a 2002, tare da wuri da lokaci da adadi.

Sauran shekarar ba ta da dogon labari. Mun yi Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya a Asabar ta biyu ta Mayu, da kaka kuma muka share akwatunan sheƙa.

Maduban ƙungiya masu lamba 8x42 da aka ara, wasu har yanzu ba su dawo ba. Don Allah a kawo su wa ma'aji kafin fitar farko ta Fabrairu, sababbin mambobi na jira.

Sakataren ƙungiya