Sanarwa: A taimaka mu tattara tarihin gidanmu

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Kun san aikin binciken asalin zuri'armu ya shiga raina sosai. Abin da dattawa suka tabbatar shi ne fataucin goro ya kawo kakanninmu daga Kano zuwa Salaga, a ƙasar Ghana ta yau. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa fatake, wasu Kete Karachi, wasu Kumasi, namu suka gangaro Ankara (Accra), suka zauna Sabon Zango kafin wasu su koma Nima.

Inda na fi neman taimako shi ne 1969, lokacin da gwamnatin Busia, Firayim Ministan Ghana, ta kori baƙi marasa takarda. Reshe guda na gidanmu ya tafi Najeriya, zumunci ya yanke. Wannan yana damuna ƙwarai.

Don Allah duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, ya zauna da su ya ɗauki muryarsu a waya. A tambayi sunan yanka, ba laƙabi kaɗai ba. A duba adakar Hajiya ma: wasiƙun ajami, tsohon fasfo, sunayen da malamai ke rubutawa a bangon Alƙur'ani. Kada a ɓamɓare hoton da ya manne, a ɗauke shi a waya yadda yake.

A turo mini kai tsaye kafin Juma'a. Allah ya jiƙan magabatanmu.