Tsakanin aya da akwatin zaɓe: gyara kan 'yan Ibanjelikal na Amurka

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato, kafafen Hausa, har da taku, sukan ce Kiristoci 'yan Ibanjelikal sun mara wa wane baya. Mai karatu sai ya ɗauka akwai wani babban limami a wani ofis da ke ɗaga hannun ɗan takara, mabiya su bi sahu zuwa rumfar zaɓe, ko kuma aƙidar ce da kanta ta wajabta musu jam'iyyar Republican. Ko ɗaya ba haka ba ne, kuma gyaran ya shafe mu, tunda ECWA da COCIN da Baptis na ƙasar nan daga wannan tsatson suka fito.

'Yan Ibanjelikal ba su da Fafaroma, ba su da majalisar da hukuncinta ke hawa kan kowa. Abin da ya haɗa su koyarwa ce: dole mutum ya tuba da kansa ya sami sabuwar haihuwa, Littafi Mai Tsarki ne mai yanke magana, ceto ta wurin mutuwar Almasihu a kan gicciye yake, kuma wajibi ne a yaɗa bishara. A bincika wannan ciki da bai, babu jam'iyya a ciki, babu tsarin haraji, babu dokar shige da fice. Southern Baptist, ƙungiya mafi girma a cikinsu, ko kudurin babban taronta na shekara ba ya ɗaure ikilisiya ko guda, domin kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta. Takardar bangaskiyarsu ma cewa ta yi a raba ikilisiya da gwamnati, kada ikilisiya ta jingina da ƙarfin hukuma wajen aikinta.

Abin da koyarwar ta faɗa kan mulki ba ɓoyayye ba ne. Romawa 13 ta ce a yi wa mahukunta biyayya a biya haraji, kuma Bulus ya rubuta ta ne zamanin Nero, sarkin da babu wanda ya zaɓe shi. Ayyukan Manzanni 5:29 ta sa iyaka, cewa Allah ake bi fiye da mutane. Timoti ta fari 2:1-2 ta ce a yi wa sarakuna da masu iko addu'a. Matiyu 22:21 ta raba na Kaisar da na Allah. Zabura 146:3 kuma ta ja kunne kada a dogara ga sarakuna. Duk waɗannan sun nuna wa mai bi yadda zai zauna a ƙarƙashin mulki. Babu wadda ta gaya masa wa zai dangwala wa, domin masu karatun farko ba su taɓa riƙe ƙuri'a ba.

To a nan gizo ke saƙar. Daga aya zuwa sunan ɗan takara akwai matakai, kuma wa'azin siyasa tsallake su yake yi. A ɗauki zubar da ciki, batun da ya fi kowane jan ƙuri'arsu. Fasto zai karanta Zabura 139:13, ya ce rai a cikin mahaifa na Allah ne. Zuwa nan koyarwa ce, kuma kusan dukansu sun yarda. Daga nan sai tambayar wace doka: haramci baki ɗaya, ko bayan mako shida, ko goma sha biyar, da togaciyar fyaɗe da ceton ran uwa ko babu? Aya ba ta ba da adadin makonni ba. Sai tambayar wace kujera ce ke da ikon. Shugaban ƙasa ba ya yin wannan doka, alƙalai yake naɗawa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 maganar ta koma hannun jihohi, wato ƙuri'ar ɗan majalisar jiha ta fi ta fadar White House tasiri a kanta. Bayan haka sai a auna wannan batu da sauran da Littafin ya yi magana a kansu da ƙarfi: baƙo, talaka, gaskiyar baki, da halin shugaba, wanda Fitowa 18:21 ta ce ya zama mai tsoron Allah, mai gaskiya, mai ƙin rashawa. A ƙarshe ne ake kaiwa ga suna. Matakin farko kawai ke da "in ji Ubangiji". Sauran lissafin ɗan Adam ne, mai yiwuwa daidai, mai yiwuwa kuskure. Faston da ya haɗe su duka ya faɗe su da murya ɗaya daga bagadi ya ɗora wa lamirin jama'a kayan da Littafin bai ɗora ba, alhali Romawa 14, da shi kansa yake koyarwa, ta hana hukunta ɗan'uwa kan abin da ake saɓani a kai.

Hujja mafi sauƙi cewa ba koyarwar ce ke kaɗa ƙuri'ar ba tana cikin alƙaluman da kuke kawowa. Kashi 81 cikin ɗari da ake ta ambato a zaɓen 2016, na fararen fata 'yan Ibanjelikal ne da suka zaɓi Donald Trump. Baƙaƙen fata masu zuwa majami'un Baptis da Fentikos, da suka yarda da sabuwar haihuwa da ikon Littafi daidai da su, kusan tara cikin goma jam'iyyar Democrat suke yi. Littafi ɗaya, waƙoƙi kusan ɗaya, ƙuri'a ta yi hannun riga. Abin da ya raba su tarihin bauta da wariya ne, da unguwa, da aljihu. Rahoton da ya jefar da kalmar "fararen fata" ya sauya ma'anar adadin gaba ɗaya.

Ƙawancen nasu da Republican ma ba tsoho ba ne. A 1965 Fasto Jerry Falwell ya yi wa'azi yana cewa ba a kira masu wa'azi su zama 'yan siyasa ba, kiransu ribato rayuka ne, kuma limaman da ke tattakin neman 'yancin baƙaƙe yake wa hannunka mai sanda. A 1971 taron Southern Baptist ya zartar da kudurin neman a halatta zubar da ciki a wasu yanayi, kamar fyaɗe da barazana ga lafiyar uwa. A 1976 da yawansu Jimmy Carter suka yi, ɗan Democrat mai koyar da makarantar Lahadi. Sai a 1979 Falwell ɗin nan ya kafa ƙungiyar Moral Majority don shigar da Kirista masu ra'ayin riƙau cikin siyasa, bayan rigimar hukumar haraji da makarantun Kirista masu wariyar launin fata, da kuma zafin da batun zubar da ciki ya ɗauka. A Agustan 1980, a Dallas, Ronald Reagan, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya gaya wa taronsu cewa ya san ba za su iya mara masa baya ba, amma shi ya mara musu. Ba a sauya aya ko ɗaya ba tsakanin 1965 da 1980. Lissafi ne ya sauya.

Dalilin da ya sa Reagan ya ce ba za su iya ba, doka ce ta 1954 da Lyndon Johnson ya shigar lokacin yana sanata daga Teksas. Ta hana ƙungiyoyin agaji da na addini da aka yafe wa haraji, har da majami'u da masallatai, shiga yaƙin neman zaɓe don wani ko gāba da wani. Yadda hukumar haraji ta IRS ta fayyace ta a jagorarta ta 2007 ya cancanci a sani, domin iyakar siririya ce. Fasto na iya wa'azi kan zubar da ciki ko aure ko yaƙi yadda ya ga dama. Yana iya sa sunansa a tallar jarida da ofishin ɗan takara ya biya, a matsayinsa na ɗan ƙasa. Amma in ya rubuta goyon bayan a mujallar ikilisiya ya ƙetare layi, ko da daga aljihunsa ya biya kuɗin shafin. Ana iya yin rajistar masu zaɓe a harabar coci muddin ba a tambayi jam'iyya ba. Ana iya gayyatar ɗan takara ya yi magana, da sharaɗin abokan hamayyarsa su sami dama irin tasa, kuma kada a tara masa kuɗi. Inda aka fi zamewa shi ne takardar jagorar masu zaɓe. Dokar ta yarda da ita in ta taɓo batutuwa da yawa da tambayoyi marasa karkata. Abin da ake yi kuwa, a zaɓo batutuwa biyar ko shida da aka san amsarsu, a jera "yana goyon baya" da "yana adawa" a ƙarƙashin hotuna biyu, a raba ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, yadda wanda aka yi wa ƙafar ungulu ba shi da lokacin mayar da martani. Ƙungiyar Christian Coalition ta mai wa'azi Pat Robertson ta raba miliyoyin irin wannan a shekarun 1990. Ba a rubuta "ku zaɓi wane" ba, amma ko yaro ya gane.

Hukunci kuwa da wuya ake yi. Shari'ar da aka fi sani ita ce ta wata coci kusa da Binghamton a jihar New York, wadda kwana huɗu kafin zaɓen 1992 ta sayi cikakken shafi a jaridu biyu tana gargaɗin Kirista kada su zaɓi Bill Clinton, a ƙasan shafin kuma ta nemi gudummawa tana cewa za a cire wa mai bayarwa daga haraji. Wannan layin na ƙasa ya ƙara tona ta. An janye mata rangwamen a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Daga 2008 fastoci suka fara ambaton 'yan takara da gangan suna aika wa IRS wa'azin don a kai su kotu, hukumar ta yi kunnen uwar shegu. A Yulin 2025 kuma, a wata ƙara a Teksas, IRS da kanta ta gaya wa kotu cewa maganar da majami'a ta yi wa jama'arta lokacin sujada kamar hirar iyali ce, ba ta karya dokar ba. Matsayin hukuma ne a gaban alƙali, ba soke doka ba, soke ta aikin majalisa ne.

A ganinmu, ko da an soke ta gobe, matsalar koyarwa tana nan. A 1998, lokacin abin kunyar Clinton, Southern Baptist sun zartar da kuduri cewa halin shugaba abin dubawa ne. Cibiyar bincike ta PRRI ta tambayi fararen 'yan Ibanjelikal ko wanda ya yi lalata a rayuwarsa ta sirri zai iya riƙe amanar ofis: kashi 30 suka ce e a 2011, a 2016 suka zama 72. Cikin shekara biyar ba tauhidi aka sake nazari ba, ɗan takara aka samu, wato Trump. Don cike giɓin sai aka kwatanta shi da Sairus na Ishaya 45, sarkin da bai san Allah ba amma Allah ya yi aiki da shi. Sai dai Isra'ilawa ba su zaɓi Sairus ba, kuma ayar labarin ikon Allah take bayarwa, ba umarni ga mai ƙuri'a ba. Da wannan fassara babu azzalumin da ba za a wanke ba.

Adalci ne a ce masu wannan lissafi sun sami abin da suka nema: alƙalai uku a Kotun Ƙoli, da mayar da ofishin jakadancin Amurka a Isra'ila zuwa Birnin Ƙudus a Mayun 2018, inda fastoci Robert Jeffress da John Hagee suka yi addu'a. Adalci ne kuma a faɗa cewa a cikin gida ba a taɓa yin baki ɗaya ba. Mujallar Christianity Today, da shahararren mai wa'azi Billy Graham ya kafa, ta nemi a tsige Trump a Disambar 2019. Fasto John Piper ya rubuta a 2020 cewa ba zai zaɓi ko ɗaya daga manyan 'yan takarar biyu ba. Shi kansa Graham, da kusancinsa da Richard Nixon ya bar masa tabo, ya ce a 2011 da zai sake da ya nisanci siyasa. Waɗannan ba 'yan gefe ba ne, amma da wuya sunansu ya fito a rahoton Hausa.

A nan gida dokarmu ta fi ta Amurka tsauri a takarda. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, a sashe na 92 ta hana amfani da wuraren ibada wajen yaƙin neman zaɓe ko tallata ɗan takara ko sukarsa, sashe na 97 kuma ya sa tara ko ɗauri kan kamfe da sunan addini ko ƙabila. Kowa ya ga yadda aka yi da su a majami'u da masallatai lokacin taƙaddamar tikitin Musulmi da Musulmi. Don haka abin da zai tsare bagadi ba tsoron hukuma ba ne, tsarin ikilisiya ne, kuma dattawa na iya rubuta shi tun kafin kakar zaɓe: ɗan takaran da ya zo sujada ya zauna cikin jama'a, a yi masa addu'ar da za a yi wa abokin hamayyarsa, kada a miƙa masa makirufo, kada a karɓi motar bas ko buhunan siminti daga hannunsa tsakanin fitar da 'yan takara da ranar zaɓe, domin baikon wannan lokaci bashi ne, faston da ke son yin kamfe ya ɗauki hutu ya yi da sunansa, a koya wa jama'a karɓar katin zaɓe da auna batutuwa, a tsaya nan.

Roƙonmu gare ku, Malam Edita, in za ku sake kawo labarin wani fasto ya mara wa wani baya, a Amurka ko a nan, ku gaya mana da bakin wa ya yi magana, nasa ko na ikilisiyarsa, a ina ya faɗa, kuma wace ƙungiya ce ta zauna ta amince. In adadi ne, ku faɗi su waye aka ƙirga.

Naku,
Wasu malaman makarantar Littafi Mai Tsarki, Jos