Zuwa ga Masu Sayen Albasar Hayasint a Shagonmu

Assalamu alaikum.

Albasar hayasint ta bana, wato furen ado mai ƙamshi da ke tsirowa daga saiwa mai kama da albasa, ta iso daga Holan, kuma kafin mu fara aika muku akwai maganar da muke so mu yi. A watan Afrilun da ya wuce wasunku sun turo mana hotunan tukwane cike da ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Wata Hajiya ma cewa ta yi albasar miya muka sayar mata. Da muka bi diddigi, sai muka tarar kusan kowa abu ɗaya ya yi: an ji tausayin shukar, an shigo da ita falo kusa da hita.

Hayasint ba ta son wannan gata. Asalinta daga tsaunukan Turkiyya da Siriya take, kuma furen yana nan a dunƙule cikin albasar tun kafin ta zo hannunku. Sanyi ne ke tashinsa. Tana buƙatar kamar mako 10 zuwa 13 a wurin da ma'aunin zafi bai wuce digiri 9 na Salsiyos ba. Idan ba ta samu ba, ko dai ganye kawai za ta yi, ko furen ya maƙale a gindi kamar ɗan tsakon da ya kasa fasa ƙwai. Mu da muka taso muna ɓoye komai daga hunturu, abin yana mana banbaraƙwai, amma a nan Ingila sanyin da muke kuka da shi shi ne abincinta.

Don haka ku shuka tsakanin Satumba da Nuwamba, zurfin santimita 10, tazarar santimita 8, tsinin yana kallon sama. Ku bar ta a waje. Abin tsoro shi ne ruwa ya kwanta, domin yawancin lambunan gidajenmu ƙasar yumɓu ce, albasa kuwa ruɓewa take a cikin laka. Ku gauraya ƙasar da tsakuwa, tukunya kuma lallai ta zama mai huji a ƙasa.

Mai son ta yi fure a ɗaki, ya ajiye tukunyar a gareji mai duhu da sanyi har tsiron ya kai santimita 5, sannan ya shigo da ita, nesa da hita. Wanda ba shi da gareji firji ma ya isa, sai dai kada ya haɗa ta da tuffa, iskar da tuffa ke fitarwa tana lalata furen.

A sa safar hannu wajen shuka, ɓawonta yana sa ƙaiƙayi. Kuma don Allah kada a ajiye ta a kicin kusa da kayan miya: tana da guba ga mutum da mage da kare.

Bayan furen ya bushe ku yanke karansa kawai, ku bar ganyen har ya yi rawaya da kansa, ko da ya munana lambun. Da shi albasar ke tara ƙarfin baɗi, ko da yake furen shekara ta biyu ba ya cika kamar na farko.

Bana muna da nau'in hayasint uku: Delft Blue mai shuɗin fure, da Carnegie fara, da Pink Pearl mai ruwan hoda. Duk wanda ya buɗe kwali ya ga albasa mai taushi ko mai fumfuna, ya turo mana hoto, za mu musanya masa.

Mun gode,
Ma'aikatan shago