A kula wajen sauke bayanai daga na'urar auna muhalli

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu aiki da na'urorin da ke auna zafi, laima ko zurfin ruwa suna adanawa, don ana asarar aikin watanni wajen sauke bayanan.

Babban kuskure shi ne sake kunna na'urar don sabon zagaye kafin a sauke abin da ke ciki, domin a na'urori da yawa hakan yana goge tsofaffin bayanan. A fara jona ta da kwamfuta ta kebul ɗin USB ko Bluetooth, a sauke, a ajiye fayil ɗin asali, sannan a fitar da kwafin CSV, wato fayil ɗin da ke jera alƙaluma kamar jadawali, a buɗe a tabbatar ya cika.

Maganar agogo kuwa, nan ne aka fi sakaci. Agogon na'urar yakan yi gaba ko baya a hankali, saboda haka a rubuta bambancinsa da na kwamfuta kafin a gyara, a kuma duba ko lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na bai ɗaya na duniya, aka saita.

A yi lissafin ma'adanar ma. Awo kowane minti 10 yana ba da 144 a rana, ke nan gurbin awo 14,400 zai cika cikin kwana 100. Idan ya cika, wata na'urar takan tsaya, wata ta rubuta sababbin awo a kan tsofaffin.

In an ɗauko ta daga sanyi, a bari ta ɗumama ta bushe kafin a buɗe murfin, don kada raɓa ta taru a kan allon lantarkinta. Batir kuma sai bayan an sauke za a canza.

Wassalam.