Neman shawara kan labarin dodon da 'yata take rubutawa

Zuwa ga Malama mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali, ina roƙon Allah Ya saka miki da alheri bisa gidajen da kike gyarawa ta wannan shiri. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Daura, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Damuwata a kan 'yar farina ce, mai shekara 16, wadda take aji biyu na babbar sakandare. Tun tana ƙarama ba ta cika fita wasa ba, saboda haka karatu ya zame mata abokin hira. Ta fara da littattafan Hausa da ake turawa ta WhatsApp, daga baya ta koma na Turanci a manhajar Wattpad da wayata, kuma waɗanda suka fi ɗaukar hankalinta su ne labaran matasa da jarumansu ba mutane ba ne, wato masu shan jini da ba sa tsufa, ko masu rikiɗa su zama kyarkeci idan wata ya cika, amma gari na wayewa sai su rataya jaka su tafi makaranta a wani gari na Amurka, suna ɓoye asalinsu ga abokan karatunsu. Yanzu ta fara rubuta nata da Hausa a littafin makaranta, kuma bayan sallar isha'i takan karanta wa ƙannenta a tsakar gida, ni kuma ina ji daga ɗaki.

Labarin dodo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane ɗan Daura ya san rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. A tatsuniyoyin da kakanni suka yi mana, dodo ko a ruwa yake ko a daji, idan kuwa ya shigo gari a siffar kyakkyawan saurayi, to ya zo ne ya auri yarinyar da ta raina samarin garinsu ya tafi da ita ya cinye. Ban taɓa jin tatsuniyar da ta tsaya ta tambayi dodo yadda yake ji ba. A labarin 'yata kuwa, dodon ne abin tausayi, kuma da bakinsa ake ba da labarin.

Jarumarta yarinya ce daga zuriyar masu rikiɗa su zama kura, wadda aka kai makarantar kwana ta 'yan mata, babu kuma abin da take so a duniya illa a ɗauke ta kamar kowa. Kullum da asuba tana haɗiye wata 'yar ƙwaya mai ruwan ɗorawa a ɓoye domin siffarta ta mutane ta zauna. Idan hunturu ya kama, idanunta sukan canza launi, sai ta jawo hijabi har goshi, ta sunkuyar da kai a aji. Da dare ƙasusuwanta sukan fara murɗawa, sai ta ciji matashi don kada 'yan ɗakinsu su ji nishinta, da safe kuma idan an tambaye ta ta ce zazzaɓi ne ya kwana yana damunta. Ranar da na ji an karanta wannan wuri, ƙannenta suna ta zumuɗin jin ci gaba, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, domin 'yata sikila ce.

Ni da mahaifinta duk AS ne, wato muna ɗauke da gadon sikila a jininmu amma ba ma ciwon, kuma a lokacin da muka yi aure ba a damu da gwajin jini ba. Sai bayan haihuwarta likita ya bayyana mana cewa a irin aurenmu kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila. Ƙannenta uku Allah Ya kuɓutar da su, ita ce ta ɗauka. Ƙwayar nan ta labarin ita ce folik asid ɗin da take sha kowace safiya, idon da ke canzawa nata ne, cizon matashin ma na sha ganinsa a watan Disamba da Janairu. Makarantar kwana kuwa ita ce ta roƙe mu muka hana ta saboda lalurarta. A makarantarsu ta jeka-ka-dawo ta hana mu sanar da kowa in ban da shugabar makarantar, kuma a babin da ta karanta kwanan nan jarumar tana gaya wa kanta cewa babu gidan da zai yarda ɗansa ya auri irin jininta.

Mahaifinta bai ji labarin da kunnensa ba, an dai ba shi bayaninsa, kuma ransa ya ɓaci. Mutum ne mai kula da addini, yana cewa aljanu gaskiya ne, har sura guda, ta 72 a Alƙur'ani, da sunansu take, don haka abin da ya shafi gaibu ba abin ƙaga labari ba ne, batun rikiɗa kuma camfi ne da bai kamata a raya shi a zukatan yara ba. Yana kuma tuna mana cewa baɗi za ta zauna jarrabawar WAEC da NECO, ga shi ciwo yana cinye mata makonni a kowane zango. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne littafin ya fara zagayawa a hannun ƙawayenta. Kin san halin mutanenmu game da zargin maita, wadda ake cewa a nono ake shanta, kuma idan aka liƙa wa gida wannan suna har 'yan matan gidan sai su rasa masu zuwa neman aure. Yarinya mai yawan ciwo da ke rubuta labarin zuriyar kuraye, a ganinsa, ta ba masu tsegumi abin faɗa. Ya ce ta daina, kuma idan ya sake ganin littafin zai ƙona shi.

Ban ga laifinsa a tsoron da yake ji ba, kuma ni ma ban gamsu da wasu wuraren soyayya da ke cikin na Turancin ba. Amma yarinyar nan tana sallarta, tana zuwa Islamiyya, ta kuma san sarai ƙage take yi. A ganina wannan littafi shi ne wuri ɗaya da ta samu ta faɗi abin da ta shekara tana haɗiyewa, kuma idan aka ƙona shi za ta yi shiru ne kawai, ciwon zuciyar yana nan. Sai dai ina tsoron kada yawan siffanta kanta da dodo ya zaunar mata da tunanin cewa ita ba kamar sauran mutane ba ce.

Ga kuma alkunya. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira, ban saba zama da ita mu yi irin wannan magana ba. Tana da gwaggo da suke shiri sosai, amma ban sani ba ko tura ta zai sa yarinyar ta ji an tona mata asiri.

Malama, shin in nuna mata na gane abin da labarin yake nufi, ko in bar ta da sirrinta har ta kawo shi da kanta? Ta wace hanya zan fahimtar da mahaifinta ba tare da ya ga na goyi bayan 'ya a kan umarninsa ba? Idan kuma akwai malamin addini ko likitan da ya saba da matasa masu sikila da za ki iya gayyata cikin shirin, ina roƙon a tambaya mini ko irin wannan rubutu yana rage wa yaro damuwa ko ƙara masa yake yi, da kuma hukuncinsa a shari'a, domin maigidana yana sauraron shirinki kuma zai karɓi maganar malamai.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Taku,
Wata uwa daga Daura