Rahoton kwamitin ruwa kan sabon sitan ɗin tanki, Bolari

Assalamu alaikum iyayenmu da sauran jama'ar unguwa. Kwamitin ruwa na sanar da ku sitan ɗin ƙarfe na borhol ɗin masallaci ya tsaya, tanki ya hau, famfo na zuba, alhamdulillah.

Kun dai ga yadda tsatsa ta cinye ƙafafun tsohon, kullum fenti amma ɗigar ruwan tanki ba ta ƙyale shi ba, shi ya sa wannan karon aka ce a kai ƙarfen Legas a mai galbanaizin, wato a tsoma shi gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Tsomawar ba ta da wani daɗewa, wahalar duk a nan Gombe aka sha ta kafin a loda mota.

Maganar huji ita ta fi jawo surutu, har wani dattijonmu ya tare ma'aji yana cewa ya za ku sai sabon faif da kuɗin mutane ku sa mai walda ya huda shi. To Baba, faif ɗin da aka toshe bakinsa biyu in ya shiga wannan zafin iska da damshin da ke ciki ne za su kumbura, yana iya tarwatsewa ya watsa wa ma'aikata tutiya, kamfanin ma ba zai karɓa ba. Don haka kowane faif an huda shi sama da ƙasa, iska ta fita tutiya ta shiga ta wanke cikin ta tsiyaye, kun ga har ciki ya samu kariya kenan, inda burushin fenti ba ya kaiwa.

Sannan ba a shafa ko jan fenti ba. Asid ɗin da suke jiƙa ƙarfe a ciki yana cin tsatsa, amma ba ya cire fenti ko kashin walda, duk inda aka bar su tutiya ba ta kamawa. Samarinmu ne suka zauna da giranda da burushin waya suna bin walda ɗaya bayan ɗaya, Allah ya musu albarka, wallahi sun sha ƙura. Lambobin shaidar kowane yanki ma ba da fenti aka rubuta su ba, da guduma aka buga su a jikin ƙarfen.

An yanka shi gunduwa gunduwa daidai kwamin tsomawar, aka haɗa da noti a nan, ramukan notin kuma an ɗan buɗa su saboda tutiya na ƙara kauri. Wanda ya ga wani wuri na ƙyalli wani ya yi toka toka kar ya damu, haka yake fitowa.

Lissafin kuɗi na manne a allon masallaci. Roƙonmu ɗaya, kar kowa ya kawo injin walda jikin sitan ɗin nan, walda na ƙone tutiyar kuma hayaƙinta na sa zazzaɓi. Mai son rataya lasifika ko sola ya ga sakatare a ɗaure masa da kilam.