A koya wa ɗalibai lissafin GPA tun daga ajin farko

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda ɗalibi zai shiga jami'a har ya kusa fita bai san yadda ake lissafa GPA ɗinsa (matsakaicin makin da ya samu a simesta) ba, shi dai a kafe rizal ya duba ya ce Alhamdulillahi ba karioba, wato ba kwas ɗin da zai maimaita, shi ke nan ya kama gabansa.

Lissafin nan fa ba wani wahala gare shi ba. A ma'aunin maki 5, A biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, F kuwa sifili (a Amurka galibi a 4 suke tsayawa). Kowane kwas sai ka ninka makinsa da yunit ɗinsa (wato nauyin da aka ba kwas ɗin), ka haɗa su duka, ka raba da jimlar yunit ɗin da ka yi rajista. Ga yaro ya ci A a kwas mai yunit 1 yana ta murna, amma ya samu C a mai yunit 4, shi a zatonsa ai tsakiya zai faɗa wato 4, alhali 5 da 12 sun ba da 17, a raba gida 5 ya zama 3.4. Kwas mai nauyin shi ya ja shi ƙasa, kuma wallahi da yawa a kan ƙaramin suke kwana suna karatu don ya fi sauƙi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne CGPA, tunda ita tattaro komai take yi tun simestar farko. Wanda ya tara yunit 120 yana kan 2.5, ko da ya ci A a duk yunit 40 da suka rage masa, kusan 3.1 zai tsaya, ba zai taɓa 3.5 ɗin da ake nema don fita da digiri mai daraja ta biyu ta sama ba, ga shi guraben tallafin karatu da na mastas da yawa lambar nan suke fara dubawa kafin ma su saurari mutum. Sai ka ga ɗalibi a ajin ƙarshe ya rame yana ta danna kalkuleta yana bin lakcarori ofis-ofis, bakin alƙalami kuwa ya riga ya bushe.

Ina roƙon hukumomin jami'o'i su ware ko da awa ɗaya ce a makon karɓar sababbin ɗalibai, a tsaya gaban allo a yi musu lissafin nan da misali. Iyaye ma in yaro ya ce ya ci jarrabawa, a tambaye shi nawa ne GPA ɗin.

Na gode.
Wani mai karanta jaridarku a kullum